Ɓera Mai Lamba Tara

Ni ba likita ba ne.
Ni ke wanke keji, ni ke sauya garin katako,
ni ke riƙe makullin ɗakin da aka hana wa kyanwa shiga.
A gidanmu can Bagalam ɓera ɓarawo ne.
Nan kuwa a sikeli ake auna masa abinci,
in aka ɗauke wuta a Maraɗi
shi ake fara tayar wa da inji, kafin mutane.

Ashirin da huɗu ne, farare fat,
idanu kamar ɗigon zoɓo a kan alli.
Na tara ne nawa.
Ba ya gama abin da ya fara:
ya ɗauki gyaɗa, ya ji motsi, ya yar,
ya hau waya, ya diro, ya ja wutsiyar maƙwabci.
A akwatin lunguna yakan leƙa kowace kwana
ban da wadda ladan ke ciki.

Madam Tsahara ta ce: wannan muke nema.

Ran Litinin ta ɗiga masa magani,
ɗigon da bai isa ya jiƙa ƙwayar gero ba.
Na danna agogo.
Ya tsaya. Ya ɗaga hanci.
Ya kama hanya kamar ɗan kabu-kabu
da aka haifa a bakin babbar kasuwa,
hagu, dama, dama, ya iso.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Na yi murna, wallahi,
don ina da Miko a gida, shekara takwas,
wanda mushe ya ce benci na cizon sa.
Allo uku ya fasa tun buɗe lakkol.
An aike shi sayen gishiri,
ya dawo da buzuzu a tafin hannu,
ba gishiri, ba canji.
Na buge shi, ba zan ɓoye ba.
Tsumagiya ta gaji, shi bai gaji ba.

Mako na uku aka ƙara awo.
Na tara ya sami kusurwa ɗaya ya tare a cikinta.
Shinshina, lasa, shinshina,
kai na kaɗawa kamar mai jan carbi
da ya manta abin da yake karantawa.
Gyaɗa ta kwana a gabansa.
Sikeli ya ce giram shida sun tafi.
Ƴan'uwansa suka zo da kokawarsu ta bayan magariba,
suka zungure shi,
ya matsa musu kamar baƙo a tasha.

Madam ta ce tsakanin magani da wuce gona
zare ne, shi muke lalube.
Ta rage awo. Ya ci. Ya yi barci.
Ya bi lunguna ba kuskure.
Sai dai wutsiyar kowa ta huta.

A takardarta akwai gidan sauri,
gidan nauyi, gidan kuskure.
Na ce, ina gidan wasa?
Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe,
sannan ta ja sabon layi a gefe da jan bik.
Kai za ka ƙirga, Nomau, tunda kai ka gani.
Amma ɓera ba yaro ba ne,
kada ka ɗauki labarin nan ka kai gida.

Na kai shi.

Na iske Miko a bayan katanga, tsugune,
yana kallon tururuwa na jan fiffiken fara
zuwa ramin da bai kai faɗinsa ba.
Ƙuda ya sauka a kunnensa, bai kora ba.
Jar akuyarmu ta tauna gefen rigarsa.
Hannuna da kansa ya danna agogo.
Minti arba'in.
Ba wanda ya ɗiga masa komai.

Uwarsa na kira daga madafa, ina gishirin?
Na sa takalmi na tafi na sayo.